Michel Adanson: Akawun Da Ya Gane Dodon Koɗi Cikin Rigar Tsutsa

Duk wanda ya karanta ilmin tsirrai a makarantar sakandare ko a kwalejin aikin gona ya san cewa sunan kuka a bakin masana shi ne Adansonia digitata. Amma ba kowa ne ya san mutumin da aka raɗa wa wannan itaciya sunansa ba. Waɗanda suka san shi ɗin ma, kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa littafin da ya fara fito da shi a idon duniya a kan dodon koɗi ya rubuta shi, da kawa, da sauran danginsu masu kwanso waɗanda ke zaune a bakin tekun ƙasar Sanagal. Sunan wannan mutum Michel Adanson, Bafaranshe ne, kuma yana cikin mutanen farko da suka dage a kan cewa ba a sanin dabba ta duban gidanta kaɗai, sai an dubi mai gidan.

An haife shi ran 7 ga watan Afrilu na shekarar 1727 a garin Aix da ke kudancin Faransa. Ubansa bara ne a gidan babban limamin Kirista na garin, saboda haka da aka yi wa limamin canjin wurin aiki zuwa Faris sai iyalin suka bi shi, yaron kuwa bai fi shekara uku ba. Iyayensa sun yi nufin ya zama limamin coci, aka sa shi makarantar da ke shirya yara domin wannan aiki. To, amma yana ɗan makaranta sai wani masani Baturen Ingila mai suna Needham ya ga hazaƙarsa, ya yi masa kyautar madubin nan da ake duba ƙananan halittu da shi. Tun daga ran nan hankalin yaron ya bar coci. Daga 1741 zuwa 1746 ya riƙa zuwa ɗaukar karatu a Lambun Sarki na Faris, ya kuma zauna gaban manyan malamai biyu na zamanin, watau Bernard de Jussieu masanin tsirrai da Réaumur masanin ƙwari.

Da ya kai shekara 21 sai ya ƙudura niyyar fita bincike, ya kuma zaɓi Sanagal. Dalilinsa shi ne, a cikin wuraren da Turawa suka kafa sansani a zamanin babu inda ya kai can zafi da cuta da wuyar shiga, domin haka babu inda masana suka jahilta kamarsa. Ba shi da kuɗin tafiya, sai aka samar masa ɗan aikin akawu a kamfanin Faransa mai ciniki da ƙasashen Indiya, wanda a lokacin shi ke riƙe da tsibirin Saint-Louis a bakin Kogin Sanagal da kuma tsibirin Gorée. Jirginsu ya tashi daga Lorient a watan Maris na 1749, ya sauka Sanagal a ƙarshen Afrilu. Ya kamata mai karatu ya san cewa manyan hajojin wannan kamfani su ne ƙaro da bayi. Daga baya Adanson ya rubuta wa shugabannin kamfanin shawara a kan yadda za a noma a Afirka ɗin kanta amfanin gonar da ake kwasar mutane zuwa Amurka domin nomawa, ba su kula shi ba. Duk da haka albashin wannan ciniki ya ci har ya bar ƙasar.

Sauran ma'aikatan kamfanin ba su ɗauke shi da wata daraja ba, gani suke yi aikin banza yake yi. Shi kuwa sai ya koyi harshen Wolof, ya tsara jerin kalmominsa, ya riƙa shiga ƙauyuka yana cin abincin mutane, yana tambayarsu sunayen itatuwa da kifaye da amfaninsu. Ya bi kogi har Podor, ya je Gorée sau da dama, ya kai bakin Kogin Gambiya. Ya zana taswirori, ya riƙa auna zafin rana yana rubutawa, ya gwada rini da baba. A wani ɗan tsibiri kusa da inda birnin Dakar yake yanzu ya tarar da kukoki waɗanda matuƙan jiragen ruwa na ƙarni na 15 da na 16 suka sassaƙa sunayensu a jiki. Da wannan ya yi lissafin saurin girman kuka, har ya ƙiyasta cewa mafi girma tana iya kai shekara 5,150. A nan ya zarce, domin awon zamani ya nuna cewa kuka mafi tsufa da aka gwada, wata ce a ƙasar Zimbabuwe, ba ta wuce kimanin shekara 2,450 ba. A cikin 1751 kuma masunta suka nuna masa minjirya. Da ya taɓa ta ya ji yadda take fizgar hannu, sai ya kwatanta abin da fizgar kwalbar nan ta Leyden wadda masana Turai ke tara lantarki a cikinta a lokacin. Yana cikin na farko da suka danganta kifin da lantarki.

Amma inda ya fi ɓata lokacinsa shi ne bakin ruwa. A Turai ta wancan zamani tara kwanson halittun teku abin ƙawa ne na attajirai da 'ya'yan sarauta. Fatake su kawo kwanso daga ƙasashe masu nisa, a wanke shi, a goge shi har ya yi ƙyalli, a jera cikin akwatin gilashi. Masu rubuta littattafai kuma su rarraba shi bisa ga siffa da launi, wannan mai kama da ƙaho, wancan mai kama da rawani. Yawancinsu ba su taɓa ganin dabbar da ta gina kwanson da ranta ba. Adanson ya ga cewa wannan kamar a ce za a san mutanen gari ne ta duban rigunan da suka shanya. Saboda haka sai ya riƙa ɗebo su da rai, ya zuba cikin ruwan teku, ya zauna ya jira su fito. Ya duba ƙahoninsu nawa ne, a ina idanunsu suke, yaya bakin yake, yaya ƙafar da suke jan ciki da ita take, suna da murfin rufe ƙofa ko ba su da shi.

Babu inda wannan haƙuri ya biya shi kamar a kan duwatsun Gorée. A inda igiyar ruwa ke dukan dutse akwai waɗansu 'yan bututu masu tauri, sun manne da dutsen, sun murɗe sun sarƙe da juna kamar hanjin kaza. Duk wanda ya gan su zai ce gidan tsutsa ne, kuma haka masana suka ɗauka, domin lalle akwai tsutsotsin teku masu gina bututun farar ƙasa irin wannan. Da Adanson ya sa ido sai ya ga abin da ke leƙowa daga bakin bututun yana da kai, da ƙahoni biyu masu idanu a gindinsu, da ƙafa, da ɗan murfi wanda yake toshe ƙofa da shi in ya ji motsi. Waɗannan duka kayan dodon koɗi ne, tsutsa ba ta da su. Sai ya sa shi cikin dodannin koɗi, ya raɗa masa suna Vermet, daga kalmar da ke nufin tsutsa. Ya bayyana iri shida a ƙarƙashin wannan suna, ya ba su sunaye irin su Lispe da Dofan da Datin da Masier.

Binciken da aka yi bayansa ya tabbatar da maganarsa, ya kuma bayyana yadda wannan halitta take rayuwa, abin da ya cancanci a tsaya a kansa. Ɗan Vermet yakan fito daga ƙwai da kwanso ɗan mitsitsi mai naɗi daidai wa daida kamar na kowane dodon koɗi. A waɗansu ire-iren yakan yi iyo na ɗan lokaci, a waɗansu kuwa rarrafe yake yi na awoyi ko 'yan kwanaki. Da zarar ya sami wurin da ya yi masa, sai ya liƙa kwansonsa a jikin dutse, daga nan kuwa shi da tafiya har abada. Kwanson ya daina naɗi na tsari, ya miƙe ya zama bututu, yana bin duk inda ya sami sarari, yana kauce wa maƙwabta. Wani lokaci dabbar takan fasa bakin bututunta da kanta ta canja masa fuska. Ana iya bambanta gidansa da na tsutsa ta duban ciki, domin nasa sumul yake yana sheƙi, kuma a gindinsa ana samun ɗan kwanson nan na yarinta mai naɗi.

Dabbar da ba ta tafiya tilas abinci ya zo ya same ta. Waɗansu suna tace ruwan da ke ratsa gaɓar numfashinsu, su tsince ƙananan halittun da ke ciki. Da yawansu kuwa masunta ne. A ƙafar da ta daina tafiya akwai wani kulli mai fitar da yauƙi, kuma akwai 'yan zarurruka biyu na nama da ke warware yauƙin cikin ruwa har ya bazu kamar yanar gizo. Ƙananan tsirrai da ƙwarin ruwa da ɓarɓashin abinci su maƙale, bayan ɗan lokaci dabbar ta jawo komarta da harshenta mai kaushi kamar magagari, ta haɗiye komar da abin da ta kama gaba ɗaya, sa'an nan ta sake jefa wata. Inda suka yi cunkoso komayensu sukan haɗe su zama ɗaya, kowa na ja ta gefensa.

Wannan koma ita ce kuma hanyar aurensu. Tun da namiji ba shi da ikon zuwa wurin tamata, sai ya ƙunshe maniyyinsa cikin 'yar jaka ya sake ta a ruwa. In an yi sa'a jakar ta faɗa komar wata tamata, ita kuwa ta jawo ta tare da abinci, jakar ta fashe a bakin ƙofarta. Uwar takan riƙe ƙwanta a cikin bututu har su ƙyanƙyashe. Da yake 'ya'yan waɗansu ire-iren ba su yin nisa, sukan zauna a kan gidajen iyayensu, zuriya bisa zuriya, har wurin ya zama dandamali. A gaɓar Bahar Rum, musamman a tsibirin Sisili da gaɓar Lebanon da Isra'ila, irin da ake kira Dendropoma ya haɗu da wata gansakuka mai tauri sun gina irin waɗannan dandamali, suna kare duwatsun gaɓa daga cin ruwa, ƙananan kifaye da ƙaguwa kuma suna samun mafaka. A gabashin tekun an ga mutuwarsu da yawa a 'yan shekarun baya, masana kuma suna zargin ɗumamar ruwa.

Akwai wani amfani nasu wanda Adanson bai yi mafarkinsa ba. Waɗannan masu gina dandamali ba su rayuwa sai a wani siririn layi daidai inda ruwa ke tsayawa. Saboda haka in aka sami matattun gidajensu a can sama da ruwa, an san ko dai ƙasa ta ɗaga ko kuwa teku ya janye, kuma ana iya auna shekarun kwanson. Wani masani Bafaranshe, Jacques Laborel, ya yi suna a kan wannan aiki a gaɓar Barazil da ta Afirka ta Yamma. Da irin wannan awo aka gane cewa kimanin shekara 5,000 da suka wuce ruwan gaɓar Barazil ya fi na yau tudu da 'yan mitoci. Ba ko'ina ne kuma ake yaba su ba. A tekun Pasifik akwai wani babba mai suna Ceraesignum maximum wanda ke zama a jikin murjani, yauƙinsa yana lulluɓe murjanin ya hana shi girma sosai. A cikin 2015 wannan iri ya mutu kusan ƙaf a kewayen tsibirin Mo'orea cikin 'yan makonni.

Vermet ɗaya ne kawai daga cikin iri 185 da Adanson ya bayyana. Ya nuna cewa abin nan mai cin katakon jiragen ruwa, wanda matuƙa ke kira tsutsa, shi ma ɗan'uwan kawa ne mai kwanso biyu. Ya bayyana kawar da ke mannewa a saiwoyin itatuwan ruwan gishiri, ya kira ta Gasar. Wani ƙaton dodon koɗin teku kuwa ya bar masa sunansa na Wolof, watau Yet, wanda har yau matan Sanagal ke busarwa suna sa wa shinkafa da kifi.

Amma wanda ya fi shafar mutanen ƙasar Hausa shi ne mafi ƙanƙanta. A kududdufan damina na wajen Podor ya sami wani ɗan dodon koɗi na ruwan daɗi wanda bai kai ƙwayar wake ba, kwansonsa kuma ta hagu yake naɗewa, saɓanin yawancin 'yan'uwansa. Ya sa masa suna Bulin. A cikin 1781 masanin nan na ƙasar Denmak, Müller, ya mai da sunan Bulinus. Adanson ya mutu bai san abin da ya tsinta ba. Sai a 1851 likita Bilharz ya gano tsutsar da ke kawo fitsarin jini a Alƙahira, sa'an nan a 1915 likita Leiper ya tabbatar a Masar cewa a jikin Bulinus tsutsar take renon 'ya'yanta kafin su fito su huda fatar mai wanka. Watau dai tsargiyar da ke damun yara a kududdufai da madatsun ruwa da magudanan noman rani, ta jikin dangin wannan ɗan dodon koɗi take bi. Duk ma'aikacin lafiya da aka tura duba ruwan wani ƙauye, aikinsa na farko shi ne ya rarrabe wane dodon koɗi ne mai ɗauke da cutar, wane ne ba ruwansa.

Adanson ya bar Sanagal a watan Satumba na 1753, ya sauka Brest a farkon Janairu na 1754. A cikin 1757 ya buga littafinsa Histoire naturelle du Sénégal, rabinsa labarin tafiya, rabinsa bayanin masu kwanso, da shafi 19 na zane waɗanda wata mai zane, Marie-Thérèse Reboul, ta yi. Ya yi nufin wannan ya zama na farko a jerin littattafai, amma bai yi kasuwa ba, mai ɗab'in ya karye, sauran ba su taɓa fitowa ba. Duk da haka an fassara labarin tafiyar da Ingilishi a 1759, a shekarar kuma aka ɗauke shi cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa, a 1761 ta London ita ma ta karɓe shi.

Shekara ɗaya tak bayan fitowar littafin, watau a 1758, Linnaeus na ƙasar Suwidin ya fitar da bugu na 10 na littafinsa Systema Naturae, inda ya ba kowace dabba suna mai kalma biyu na Latin. Halittu masu bututu kuwa ya tattara su ya zuba cikin rukuni guda mai suna Serpula, tsutsa da dodon koɗi a haɗe, bisa ga siffar gida. A wannan magana Adanson ne ke da gaskiya. Amma da masana na baya suka zo kafa dokar sunayen dabbobi, sai suka yanke cewa daga ranar 1 ga Janairu 1758 lissafi zai fara, duk sunan da ya riga wannan rana ba shi da hurumi. Haka sunayen Adanson suka faɗi, waɗansu mutane suka tsince su suka sa musu rigar Latin, aka rubuta sunayensu a gefe. Vermetus yana tafiya ne da sunan Daudin da shekarar 1800. Shi dai Daudin ya yi kara, ya kira irin na Gorée Vermetus adansonii.

Gaskiya ita ce Adanson ma da nasa laifin. Ya ƙi tsarin Linnaeus ƙememe, ya fi son sunan da mutanen ƙasa ke kiran abu da shi, in babu kuwa ya ƙirƙiri kalmar da ba ta da ma'ana. Ko sunan Adansonia da aka yi domin girmama shi bai karɓa ba, Baobab ya ci gaba da kiran kuka. A cikin 1763 ya fitar da babban littafinsa na tsirrai, Familles des plantes, inda ya bi hanyar da ya koya a wurin masu kwanso: ya jera tsirrai sau 65, kowane jeri bisa ga gaɓa guda, sa'an nan ya duba waɗanda suka fi yawan faɗawa tare, ya fitar da iyali 58. Aiki ne na ƙwarai, da yawa daga cikin iyalan nan suna nan har yau. Sai dai ya rubuta shi da wata ƙa'idar rubutun Faransanci ta kansa wadda ta gundiri masu karatu.

Daga nan burinsa ya fi ƙarfinsa. A tsakiyar shekarun 1770 ya kai wa Majalisar Masana shirin wani kundi da zai ƙunshi dukan halitta: littafi 27 na tsari, da 150 na bayanin iri 40,000, da ƙamus mai kalma 200,000, da zane 40,000. Kwamitin da aka naɗa ya ba shi shawara ya ware abin da ya gano da kansa ya buga shi tukuna. Ya ƙi, ya ce ko duka ko babu. Ya shige ɗaki ya shekara talatin yana rubutu a tsugune cikin tarin takardu, aurensa ya mutu, abokai suka ja jiki, ba a kuwa buga kundin ba.

Juyin juya halin 1789 ya tafi da fanshonsa da albashinsa. Cuvier, wanda ya karanta jawabin tunawa da shi bayan mutuwarsa, ya ba da labarin cewa da aka kafa sabuwar majalisar masana a 1795 aka gayyace shi, sai ya aika cewa ba shi da takalmin zuwa. Wata mata mai yi masa aikin gida da mijinta su suka riƙe shi a waɗannan shekaru, kafin gwamnati ta yanka masa ɗan fansho. Ya mutu a Faris ran 3 ga watan Agusta na 1806 bayan jinya ta watanni, yana da shekara 79. Wasiyyarsa ita ce a ɗora wa kabarinsa furanni daga iyalan tsirrai 58 da ya tsara.

'Yarsa Aglaé ta kafa lambun itatuwa a Balaine, a tsakiyar Faransa, can kuma aka ajiye takardunsa da akwatunansa fiye da shekara ɗari. A cikinsu aka sami kwansunan da ya tsinto a Sanagal. An kai su gidan ajiye kayan tarihin halitta na Faris, inda masani Fischer-Piette ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya buga sakamakon a 1942, aka san takamaimai wace dabba yake nufi da kowane suna. Takardun kuwa ɗakin karatu na Hunt da ke Pittsburgh a Amurka ya saye su. A cikin 1963, shekara 200 cif bayan littafin tsirran, Sokal da Sneath suka fitar da littafinsu a kan rarraba halittu ta hanyar ƙirga dukan siffofinsu da kwamfuta, masana kuma suka riƙa kiran wannan hanya da sunan Adanson.